Tambaya: Me ya sa awarwaron da nake ƙerawa yake tsagewa idan na zo lanƙwasa gefensa?

Ɗan Koyo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka riga ni a aikin maƙeran fari. Shekarata biyu ke nan ina koyon sana'ar, kuma yawancin abin da ke bi ta hannuna zobba ne da gyaran sarƙar da ta tsinke. Makonni uku da suka wuce wata baiwar Allah ta kawo wa maigidana awarwaro guda ɗaya da aka yi mata tsarabarsa daga waje, tana so a yi mata irinsa na azurfa. Faɗinsa ya kai santimita 2, kaurinsa bai wuce na murfin gwangwani ba, tsakiyarsa ta shige ciki, gefensa biyu kuma sun buɗe waje kamar ƙugun kalangu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba shi da nauyi ko kaɗan, amma na matsa shi da ƙarfi a tafin hannu bai lotsa ba.

Maigidana ya ce in fara gwadawa da farar tagulla kafin a taɓa azurfa. Na yanko falle mai kaurin milimita 0.7 da tsawon santimita 21, na naɗe shi a jikin bututu, na haɗe bakinsa da wuta, sannan na sa filaya ina lanƙwaso gefen waje kaɗan-kaɗan. Ban kai rabin kewayen ba gefen ya tsage a wuri biyu. A gwaji na biyu sai na sauya dabara, na fara yi wa fallen kwari a tsakiya tun yana miƙe, sannan na zo naɗe shi a jikin bututun, amma ya ƙi naɗuwa, da na matsa masa kuwa ya karye gwiwa a wuri uku. Shin irin wannan awarwaro zubi ake yi, ko inji ne yake buga shi, ko kuwa ana iya yin sa da hannu? Idan ana iyawa, a ina nake kuskure?

Tsohon Maƙeri ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ana yin sa da hannu, kuma ba zubi ba ne, domin narkakken ƙarfe ba ya bin rami mai siranta irin wannan ya cika shi ko'ina, idan ma ya cika ba zai yi wannan tsauri mai dawowa da ka ji a hannunka ba. Kuskurenka guda ɗaya ne a gwajin biyu: kana lanƙwasa ƙarfen ne, alhali abin da aikin yake buƙata shi ne a miƙar da shi. Filaya tana juya ƙarfe, ba ta ƙara masa tsawo. Guduma ce take ƙara tsawo, domin duk inda ta sauka wurin yana sirancewa, naman ƙarfen kuma ya gudu gefe.

Ka yi wannan gwaji gobe kafin ka taɓa komai. Ka yanko siririn fallen jan ƙarfe, ka ɗora shi a kan uwar maƙera, ka ɗauki guduma mai siririn baki, ka riƙa bugun gefe ɗaya kawai, bakin gudumar yana gicciye da gefen, bugu kusa da bugu daga farko har ƙarshe. Za ka ga fallen ya karkata da kansa ya zama kamar lauje, alhali ba ka lanƙwasa shi ba, saboda gefen da ka buga ya fi ɗan'uwansa tsawo. Sai ka yanko wani, ka bugi gefen biyu duka ka bar tsakiya. Tun da tsakiyar ba ta ƙaru ba, gefen da suka yi tsawo ba su da wurin zuwa, sai su tashi su fara murɗewa, kuma wannan tashin shi ne farkon siffar da kake nema.

Abu na biyu shi ne gashi. Ƙarfe yana ƙara tauri duk lokacin da aka buge shi ko aka lanƙwasa shi, har ya kai matsayin da zai yi gautsi, kuma kunne yana gane hakan kafin ido, domin ƙarar bugun takan sauya daga mai taushi ta koma mai kaifi, guduma kuma ta fara tsalle tana dawowa. Da ka ji haka sai ka tsaya ka mayar da shi wuta. Mu da muka tashi da zugazugi da gawayin ƙirya, a cikin inuwar rumfa muke duba launinsa, domin a cikin rana ba za ka ga jan ba sai ya wuce kima. Ja mai duhu ake so, wanda ido yake fara gani da ƙyar. Awarwaro irin wannan zai iya shiga wuta sau huɗu ko biyar kafin ya kammala, kuma ban ga inda ka ce ka gasa naka ko sau ɗaya ba bayan ka naɗe shi.

Ka kuma duba bakin fallen da ka yanka. Almakashi yana barin ƙananan tsage waɗanda ido ba ya kula da su, kuma daga nan kowace tsaga take farawa idan gefen ya soma miƙewa. Ka bi shi da magagari, ka goge har sai ka ja yatsa a kai ba ka ji kaushi ba. Tagullar ma a san asalinta: wadda aka narko daga tsofaffin kan famfo da kwaɗon ƙofa galibi akwai dalma a cikinta, tana da daɗin yanka da gogewa amma ba ta jure bugu, kuma ko wane gwani aka ba shi sai ta tsage masa.

Malamin Lissafi ya amsa:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni ba maƙeri ba ne, amma abin da ya bayyana yana da lissafi a bayansa, kuma ina ganin idan mai tambaya ya ga adadin zai fahimci dalilin da ya sa filaya ba za ta taɓa yi masa aikin ba. A ɗauka faɗin ramin awarwaron a tsakiya, inda ya fi tsukewa, milimita 65 ne. Idan aka ninka da 3.14, kewayensa ya kama milimita 204. Idan ana so gefen ya buɗe waje da milimita 3 kawai ta kowane ɓangare, faɗin ramin a bakin ya zama milimita 71, kewayensa kuma kusan milimita 223. Ke nan dole gefen ya fi tsakiyar tsawo da kusan milimita 19, wato wajen kashi 9 cikin ɗari. Fallen da aka yanko kuwa gefensa da tsakiyarsa tsawonsu ɗaya ne. Wannan milimita 19 dole ta fito daga wani wuri, ko dai a miƙar da gefen, ko a tsuke tsakiyar, ko a yi duka biyun, kuma idan ba a ba ƙarfen ita da guduma ba, zai samo ta da kansa ta hanyar tsagewa.

Lanƙwasa iri uku ce a wannan fage. Akwai ta fuska ɗaya, kamar takardar da aka naɗe ko zobe mai shafaffen jiki, wadda ba ta buƙatar a miƙar da komai. Akwai ta ƙwarya, inda lanƙwasar tsaye da ta kwance suke fuskantar wuri ɗaya, kuma a nan tsakiya ce take da yalwa, baki kuma a tsuke. Sai ta sirdi, inda ɗaya take kallon sama ɗaya take kallon ƙasa, kamar sirdin doki da ya tashi gaba da baya amma ya sauka ta haƙarƙari biyu, ko wuyan tulu, ko ƙugun kalangun da mai tambaya ya ambata. Masanin lissafi na Jamus, Carl Friedrich Gauss, ya tabbatar a shekarar 1827 cewa shimfiɗaɗɗen abu ba zai iya ɗaukar siffa ta biyu ko ta uku ba matuƙar ba a sauya tazarar da ke tsakanin sassansa ba. Wannan ne dalilin da ya sa ɓawon lemo yake yagewa idan aka danne shi a kan tebur, kuma shi ne dalilin da ya sa babu taswirar duniya a kan takarda da ba ta karkatar da girman wasu ƙasashe ko siffarsu ba.

Gwajinsa na biyu ma yana da bayani. Duk wanda ya taɓa jan tef ɗin awo na kafinta ya san siririn ƙarfe ne ƙwarai, amma saboda ɗan kwarin da aka yi masa a tsawonsa yana iya miƙewa a iska fiye da mita guda, idan kuma ya gaza sai ya karye gwiwa a wuri ɗaya maimakon ya lanƙwashe a hankali. Da ka yi wa fallenka kwari tun yana miƙe, tef ɗin kafinta ka ƙera. Wannan taurin da ya hana ka naɗe shi, shi ne kuma yake hana awarwaron matar lotsewa, domin da zarar lanƙwasa biyu sun zauna a jikin ƙarfe, kowace tana tsare 'yar'uwarta.

'Yar Maƙera ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Na yarda da bayanin Baba, sai dai ina da ƙari a kan hanyar aikin, domin bugun gefe a kan uwar maƙera yana sirantar da bakin awarwaro, ya bar shi da kaifi da tabon guduma, ga shi kuma a falle mai milimita 0.7 babu naman da za a yi ta ci. Masu yin irin wannan awarwaro a yau suna amfani da wani turke na musamman mai siffar maciji yana tafiya, wato sanda mai tudu da kwari a jere, kwarin farko mai faɗi, na gaba ya fi shi tsukewa, har zuwa ƙarami a ƙarshe. A Turance ana kiran siffar sirdi antikilastik, ta ƙwarya kuma sinkilastik. Wanda ya tsara wannan fanni ya ba siffofinsa sunaye shi ne Heikki Seppä, mutumin ƙasar Finlan da ya koyar a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a Amurka, ya kuma fitar da littafi a kansa a 1978. Michael Good, wanda ya kafa wurin aikinsa a jihar Maine ta Amurka, ya koya daga gare shi, ya kuma shahara da awarwaro da 'yan kunnen zinariya masu wannan siffa.

Ga yadda ake yi. A naɗe fallen a haɗe bakinsa kamar yadda ka yi, a gasa shi, sannan a zura shi a turken ya zauna a kan kwari mafi faɗi, ta yadda gefensa biyu ne suke taɓa turken, tsakiyarsa kuma tana kan iska. Da hannun hagu ake riƙe shi ana danna shi ƙasa don kada da'irar ta buɗe, hannun dama kuma yana bugu da guduma mai siririn baki. Ba a fara da tsakiya. Ana farawa kusa da gefe, daidai ƙasa da inda ƙarfen ya taɓa turke, a zagaya kewayen duka da bugu mai hawa kan juna, a juya awarwaron a yi wa ɗaya gefen haka, sannan a matso ciki da layi na biyu. Tsakiyar za ta kumburo kamar ƙaramin tudu tsakanin layukan, kuma ita ake kwantarwa a ƙarshe, a nan ne naman ƙarfen yake tsukewa. Idan kwarin ya cika, sai a gasa, a koma kwari na gaba. Ƙa'idar da na fi riƙewa ita ce kada ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ta fuska biyu: idan turken na ƙarfe ne, gudumar ta zama ta roba mai tauri ko ta ƙaho, idan kuma gudumar ta ƙarfe ce, turken ya zama na itace.

Ba sai ka sayo komai daga waje ba. Ni da tsohuwar taɓarya na fara, na sa aka fafe mata kwari uku da magagari mai zagaye, na kafe ta a jikin kututture, kuma ta yi mini aiki fiye da shekara kafin kwarin su cinye.

Wani abin da ya kamata a faɗa shi ne siffar ta girmi waɗannan mutanen da nisa. A 2009 an tono abin wuya na zinariya guda huɗu kusa da Stirling a Sikotilan, waɗanda aka ƙera tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, biyu daga cikinsu siririn falle ne da aka murɗa, kuma jikinsu yana da wannan lanƙwasa ta sirdi. Kusa da mu kuma akwai manyan 'yan kunnen zinariya na matan Fulani a yankin Mopti da Jenne a Mali. Maƙeri yakan ɗauki sanda guda, ya buge ta har ta fitar da fukafukai huɗu, ya yi ta sirantar da bakin kowane fiffike yana faɗaɗa shi, sannan ya murɗa sandar ya lanƙwasa ta. Hanyar da Baba ya kwatanta ke nan daidai, kuma a can ita ce ta dace, saboda an fara da ƙarfe mai kauri. Wannan ya bambanta da kuros ɗin Agadas, wanda ake siffanta shi da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin a zuba azurfa, sannan a gyara da magagari a yi masa zane.

Hajiya Mai Gwal ta amsa:

Ni ciniki nake yi, ba ƙira ba, amma ina so in ja hankalin wannan yaro kada ya ɗauka duk wani abu mai lanƙwasa da rashin nauyi da ya gani a kasuwa aikin guduma ne. Yawancin awarwaron da muke sarowa daga Dubai da Saudiyya inji ne yake buga su, ana danna fallen gwal a cikin mazubi na ƙarfe, a fitar da rabi biyu a haɗe su, kuma idan ka duba cikinsu da kyau za ka ga layin haɗin. Akwai kuma waɗanda ake yi da lantarki, inda ake siffanta abin da kaki ko wani ƙarfe mai saurin narkewa, a tsoma shi a ruwan magani har gwal ya hau kansa ya yi ɓawo, sannan a narkar da na cikin a fitar. Suna da girma a ido da sauƙin kuɗi, tun da gwal da giram ake sayar da shi, amma na sha ganin amarya ta dawo da irinsa bayan wata biyu ya lotsa, kuma babu maƙerin da zai iya tayar da lotsawar domin babu ta inda zai shiga ciki.

Don haka ka tambayi mai kayan abin da take so kafin ka ɓata kwanaki. Matanmu da yawa suna sayen gwal da azurfa ne a matsayin ajiya, ranar buƙata a ɗora a sikeli, kuma sikeli ba ya biyan kuɗin aikin hannu. Idan ado take so, wannan siffa ta fi kowace kyau da ƙarko a kan ƙaramin nauyi. Idan kuwa ajiya take so, munduwa mai nauyi ta fi mata. Idan wata rana aka kawo maka gwal, ka sani mai lamba 21, wanda aka fi sayarwa a ƙasashen Larabawa, kashi 87.5 cikin ɗari zinariya ne, mai lamba 18 kuma kashi 75, kuma na farkon ya fi laushi, saboda haka kaurin da ya ishi ɗaya ba lallai ya ishi ɗayan ba.

Tsohon Maƙeri ya sake amsawa:

'Yata ta yi gaskiya, a siririn falle turken ya fi, kuma dabarar taɓarya ta burge ni. Abin da zan ƙara shi ne game da azurfar da za a koma kanta. Tsantsar azurfa tana narkewa a digiri 962 na ma'aunin Celsius, amma wadda ake aiki da ita mai lamba 925, wato wadda aka gauraya da jan ƙarfe, tana narkewa kafin ta kai digiri 900, gashinta kuma tsakanin 600 da 650 ne, don haka tazarar ba ta da yawa, kuma siririn gefe shi yake fara narkewa. Kada ka tsoma ta a ruwa tana ja, ka bari jan ya ɓace tukuna, in ba haka ba za ta iya tsagewa. Idan ka daɗe da ita a wuta, jan ƙarfen da ke cikinta yakan bar wani duhu-duhu a ƙarƙashin fata wanda ba ya bayyana sai an zo gogewa. Bayan kowane gashi ka dafa ta a ruwan alam ko na tsamiya, ka wanke, ka busar kafin ta hau turke.

Iyayenmu liyari suke narkarwa, wato tsohon kuɗin nan mai hoton Mariya Tereza da shekarar 1780 a jikinsa, mai nauyin giram 28, wanda azurfarsa kashi 833 ce cikin dubu. Ta fi mai lamba 925 tauri, tana kuma neman gashi akai-akai. Idan matar tsofaffin kayanta za ta kawo a narkar, ka lura da wannan, ka kuma cire duk wurin da aka taɓa liƙewa da dalma kafin su shiga tukunya, domin ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata zubin gaba ɗaya.

Ɗan Koyo ya dawo:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na yi gwajin lauje, kuma ya fito kamar yadda ka faɗa. Na samu guntun taɓarya na yi mata kwari uku, na koma kan jan ƙarfe maimakon tagullar, wadda na gano daga baya cewa ta kan famfo ce. Na gasa sau huɗu, kuma a karon farko awarwaron ya fito da ƙugu babu tsaga ko ɗaya, sai dai wurin haɗin ya ɗan fi sauran jikin tauri, ya bar ƙaramin tudu. Matsalar da ta rage ita ce ramin ya tsuke: na fara da milimita 66, na ƙare da abin da bai kai 63 ba, har ya ƙi wuce hannun ƙanwata da na gwada da ita. Matar kuma na tambaye ta kamar yadda Hajiya ta ce, ta ce ado take so.

'Yar Maƙera ta sake amsawa:

Tsukewar alama ce cewa tsakiyar ta matsu yadda ake so, kuma yanzu ka san abin da turkenka da hannunka suke ci. Ka ƙara kusan santimita guda a tsawon fallen, tun da milimita 3 a faɗin rami ta kama fiye da milimita 9 a kewaye, ka sake gwadawa da jan ƙarfe mai kauri da faɗi daidai da azurfar da za ka yi aiki da ita, ka rubuta awon farko da na ƙarshe. Tudun wurin haɗi kuma yawan abin liƙi ne ya jawo shi. Ka gyara bakin biyu su haɗu ƙam ba tare da haske yana ratsawa ba, ka sa abin liƙi mai wuyar narkewa, ɗan kaɗan kawai, ka goge abin da ya malalo ciki da waje kafin bugun farko. Gashi na ƙarshe ka yi shi kafin kwari na uku, kada ka sake mayar da shi wuta bayan ka gama, domin taurin bugun ƙarshe shi ne zai riƙe siffar a hannun mai shi. Ka auno hannunta da kanka, a daidai inda ya fi faɗi idan ta tattara yatsunta, kafin ka yanki azurfar.